Lissafin Safaya a Hanyar Wasagu

Ranar kasuwa, idan ana lodi a tashar Wasagu, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin direba da masu ɗora kaya. Buhunan masara da dawa sun cika bayan mota, an cusa jarkoki a saƙo-saƙo, an ɗaure akuya a gefe, sai a ga buhu ɗaya ya rage a ƙasa, mai shi yana tsaye a kansa. Nan take idanu za su koma kan tayar safaya, domin ta tare wurin da za a iya karɓar kuɗi a kansa. Ɗan kamasho zai ce, "Oga, a sauke ta mana, ai yanzu za ka je ka dawo." Direban da ya san hanya ba ya amsawa da sauri. Zai ɗaga kai ya dubi gabas ko hadari ya haɗu, ya zagaya motar yana shafa gefen kowace taya, ya durƙusa ya ga yadda na baya suka kwanta a ƙarƙashin kaya, sannan ya faɗi abin da ya yanke.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka jan aji ne. A cikin wannan ɗan shirun kuwa mutumin ya auna nisan tafiya, da halin da hanya take ciki a wannan makon, da nauyin da ya hau kowace taya, da lafiyar huɗun da ke ƙasa, da garuruwan da zai sami mai faci a zaune, da inda la'asar za ta riske shi a dawowa. Babu makarantar da ta koya masa. Ya tsince shi ne tun yana yaron mota, yana riƙe jak ana yi masa tsawa. Ni dai a ganina wannan lissafi yana cikin ilimi mafi amfani da ke yawo a tashoshinmu, kuma ba a cika yaba masu shi ba, saboda idan sun yi daidai babu labarin da za a bayar: mota ta tashi, ta isa, kowa ya sauka ya kama gabansa.

Sai an san ƙasar kafin a gane nauyin maganar. Wasagu ɗaya ce daga cikin ƙasashe biyar na masarautar Zuru, tare da Dabai da Danko da Fakai da Sakaba. Tana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu mai hedikwata a Ribah, can kudu maso gabashin jihar Kebbi, inda jihar ta yi iyaka da Zamfara da jihar Neja. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddai da rafuka, kuma ruwan sama ya fi sauka a nan fiye da Argungu ko Birnin Kebbi, shi ya sa take cika kasuwanni da masara da dawa da wake da shinkafa. Duk wannan amfanin gona a kan taya yake fita. Daga ƙauyuka ya zo Wasagu da Bena da Ribah, daga nan ya wuce Zuru, sannan ya miƙe ta Dabai da Mahuta zuwa Koko, ko ya gangara ta Rijau zuwa Kontagora.

Kowane lokaci na shekara da irin cutar da yake yi wa taya. Da damina ruwa yana wanke jar ƙasar burji ya bar duwatsu masu baki a tsaitsaye, rami ya cika da ruwa ba a san zurfinsa ba, bakin kwaltar da ya ɓare ya zama abin yanka. Da kaka mota takan bar hanya ta shiga gona ɗaukar buhu, a can kuwa kututturen da aka sare a karkace yana ɓoye cikin ciyawa. Da bazara, watan Maris da Afrilu, maganar zafi ce, kuma zafi ya fi ƙusa kisa. Ƙusa tana huda tafin taya, wato inda yake taka ƙasa, iska ta riƙa fita a hankali, direba ya ji sitiyari yana ja gefe ɗaya ya tsaya. Dutse da kututture gefe suke tsagawa, inda roba ba ta da kauri. Zafi kuma daga ciki yake cin taya har ranar da za ta tashi gaba ɗaya ana cikin gudu. Direban kirki ya san waɗannan ukun dabam-dabam, kuma ya san cewa na farko kaɗai ake iya magancewa a bakin hanya ba tare da safaya ba.

Wannan tambaya ta sauke safaya ko a bar ta ba tamu ba ce mu kaɗai. A Turai da Amurka akwai motocin da ake yi wa ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da makewayi, iyali su shiga su yi makonni suna yawo suna kwana duk inda dare ya yi musu. Masu irin waɗannan motoci suna tafka wannan muhawara sosai, kuma dalilinsu bai yi nisa da na ɗan kamasho ba: wuri da nauyi. A ƙasashen Turai lasisin tuƙi na gama-gari yana tsayawa ne a kan mota mai nauyin kilo 3,500 da duk abin da ke cikinta. Idan aka cika tankin ruwa, aka sa tukunyar gas da kayan abinci da kekuna, sai mutum ya ga kilo ashirin da wani abu na safaya da ƙarfenta ya zama abin tsayawa a yi tunani. Kamfanoni da yawa ma sun daina sa ta. Abin da suke bayarwa shi ne kwalbar wani ruwa mai danƙo da ake ɗura wa taya ya toshe huda, da ɗan injin iska da ake jonawa a jikin mota. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ce kashi 28 cikin ɗari na sababbin motocin 2017 babu safaya a cikinsu.

Lissafin nasu daidai ne a ƙasarsu. Kwalta ce shimfiɗe, waya tana shiga ko'ina, kuma mutum ya riga ya biya kuɗin shekara ga kamfanin da zai turo motar janwe idan ya kira. Amma ko a can, ruwan danƙon nan ƙaramar huda a tafin taya kaɗai yake toshewa, ba ya yin komai ga tsagar gefe. Shi ya sa waɗanda suke fita da irin motocin zuwa sahara ko ƙasashen da gari ke da nisa da gari suke ɗaukar safaya, wasu har biyu. Sun iso ga abin da direban Wasagu ya daɗe da sani: ba motar ke yanke hukunci ba, hanya ce, da kuma wanda zai zo maka idan ka tsaya.

A nan ne lissafinmu ya ɗauki nauyin da nasu bai ɗauka ba. Shekarun nan ƙasar Zuru ta sha fama da 'yan bindiga, kuma Danko/Wasagu na cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. A watan Yuni na 2021 'yan sanda suka tabbatar da kashe mutum 88 a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar. Tun daga irin waɗannan ranaku direbobi suka koma auna hanya da agogo. A da, idan taya ta fashe babu safaya, sai yaron mota ya cire ta ya hau babur ɗan kabu-kabu ya nufi gari, fasinjoji su shimfiɗa ɗankwali a inuwa su jira awa biyu ko uku, abin da aka yi asara bai wuce cinikin safe ba. Yanzu awa uku a dajin da waya ba ta shiga, da mata da yara a mota, magana ce ta rai. Mai safaya lafiyayyiya da kayan aiki a hannu zai tashi daga wurin cikin kwata ɗaya ko minti ashirin. Wannan tazarar ce direba yake saye da kuɗin buhun da ya ƙi ɗauka, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan mota yana kallon daji ya san ba a yi tsada ba.

Sai dai ɗaukar safaya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Gwanintar tana wajen sanin taya, kuma a nan direba da mai faci suke haɗuwa su zama abu ɗaya.

Gwanin direba yana duba taya yadda mai sayen sa a karar Bena yake buɗe baki ya duba haƙora kafin ya taya. Akwai rubutu a gefenta da yawancin mutane ba su taɓa kula da shi ba. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗa wa direbobi cewa taya ta ƙare bayan shekara huɗu da ƙera ta. Manyan kamfanoni kamar Michelin sun fi sassauci, suna cewa a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara bayan ta yi biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne aka bi, manufar ɗaya ce: roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana da zafi suna busar da ita ta riƙa yin ƙananan tsage-tsage. Safayar da ta shekara takwas a ɗaure a bayan mota tana shan rana, zanenta fes, tana iya fashewa kafin ta kai ka garin gaba.

Akwai wata lambar kuma bayan girman taya, wadda ke faɗin nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka. Lamba 82 na nufin kilo 475, lamba 91 kilo 615, lamba 106 kilo 950. Harafin C a jikinta alama ce ta tayar motar kaya, mai ƙarfin gefe. Yanzu a ɗauki Golf ta haya mai tayoyin lamba 82. Huɗun gaba ɗaya kilo 1,900 ke nan, motar da kanta ta haura kilo dubu, ga mutum bakwai ko takwas, ga buhu uku masu kilo ɗari-ɗari a but, kuma yawancin nauyin a kan na baya biyu yake. Direba bai buƙatar alƙalami ya san an wuce gona da iri, idonsa ya gaya masa tun da ya durƙusa. Abin da ke biyo baya shi ne dalilin fashewar bazara. Taya mai kaya da yawa ko mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasa tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin da ke cikinta. Shi ya sa gwani yake ƙara wa na baya iska kafin lodi, da safe tayoyi suna da sanyi, kuma ba ya yarda a rage musu iska a tsakiyar tafiya don an auna an ga ta hau. Hawan nan na zafi ne, masu ƙera taya sun san da shi. Wanda ya rage a lokacin ya ƙara wa gefen taya aiki ne a daidai sa'ar da ta fi gajiya.

Mai faci kuwa, je ka same shi a bakin tasha, a gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfar kwano. Kayansa ba su da yawa: injin iska mai amfani da fetur, rabin ganga da ruwa baƙi ƙirin a ciki, ƙarafunan ɓare taya guda biyu ko uku da hannu ya goge su suna ƙyalli, guduma, gwangwanin sholisho, da wani matsi na ƙarfe mai tsohon fistin na mota a bakinsa. Idan aka garo masa taya, kafin ya taɓa ƙarfe zai tambaya, "Maigida, ka yi tafiya a kanta bayan ta sace?" Ko me aka amsa masa, zai gani da idonsa. Zai sa mata iska, ya juya ta cikin ruwa a hankali har sai ƙananan kumfa sun jeru sun taso, ya yi wa wurin alama, ya ci gaba da juyawa domin huda takan zo biyu. Ya tofa yawu a bakin bawul ya jira ko zai yi ƙwai. Sannan ya taka gefen ya saki bakin tayar daga ƙarfe, ya ɓare ta, ya zura hannu ciki yana shafawa da cikin yatsu a hankali, saboda ƙusar da ido bai gani ba yatsa ne ke samo ta. Idan ya fito da hannunsa da baƙin gari, ya san an yi tafiya a kanta babu iska, gefen ya niƙe daga ciki, ko da daga waje babu abin da ya nuna. Wanda ya tura igiyar faci daga waje bai buɗe ba, ba zai taɓa ganin wannan garin ba, kuma a nan bambancin gwani da mai neman kuɗin shayi yake.

Facin wuta a kan tub shi ne wurin da na fi son tsayawa kallo. Zai kankare wurin da guntun zarto har robar ta yi kaushi ta daina sheƙi, ya shafa sholisho siriri, ya ajiye ya ƙyale shi. Mai gaggawa a nan yake ɓata aiki, domin sholisho mai danshi ba ya kamawa. Idan ya taɓa da bayan yatsa ya ji ya yi daidai, sai ya yanko ɗanyar roba daidai girman hudar, ya ɗora, ya rufe da takarda, ya sa a ƙarƙashin fistin ya murɗa matsin. Ya zuba ɗan mai a cikin fistin ya kunna wuta. Babu ma'aunin zafi, babu agogo. Yawan man da ya zuba shi ne ma'auninsa, kuma ya bambanta tsakanin tub na babur da na babbar mota, tsakanin sanyin hunturu da ranar bazara. Idan wutar ta yi kaɗan facin zai ɗago bayan kwana biyu. Idan ta yi yawa tub ɗin zai ƙone ya yi tauri ya tsage a gefen facin. Idan ta yi daidai, bayan ya huce za ka ja da ƙarfi ka kasa gane inda sabuwar roba ta ƙare tsohuwa ta fara.

Abin da yake yi a gindin bishiyar nan kimiyya ce mai tarihi. Ɗanyar roba tana narkewa da zafi ta sandare da sanyi, sai da Ba'amurke Charles Goodyear ya gano cewa idan aka haɗa ta da farar wuta aka gasa, takan zama mai ƙarfi da jurewa, ya kuma yi rajistar wannan fasaha a 1844. John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska a Belfast a 1888, don keken ɗansa. Motocin farko babu safaya a jikinsu, duk inda taya ta sace a nan direba zai zauna ya yi faci da kansa, har 1904 lokacin da wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Davies a garin Llanelli na ƙasar Wales suka ƙera tayar ko-ta-kwana da ake maƙalawa a jikin wadda ta lalace. Ɗanyar robar da mai facin Wasagu yake yankowa tana ɗauke da farar wutar nan, fistin da matsinsa kuma su ne tandunsa.

Da akwai lokacin da ake ƙera taya a Najeriya. Michelin tana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop tana da tata a Ikeja. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina ƙerawa a 2008, kuma matsalar wutar lantarki da kwararowar taya mai araha daga waje na cikin dalilan da aka bayar. Daga nan kuɗin taya ya koma bin dala. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi bayan haka, sabuwar taya ta fi ƙarfin direbobi da yawa, sai dogaro ya ƙaru a kan tsofaffin da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, duk da cewa gwamnati ta hana shigo da yawancinsu. Wannan ya ƙara wa idon mai faci daraja, domin shi ake ɗauka zuwa wurin saye. Shi zai buɗe bakin tayar ya leƙa ko akwai tsohon faci, ya duba ko an sake yanka mata zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa, ya nuna maka alamar tsauni da ƙanƙara a gefenta ya ce wannan ta ƙasar sanyi ce, robarta laushi gare ta, kwaltar bazara za ta cinye ta kafin damina.

Abin da ya fi burge ni a wurin gwanayen cikinsu shi ne sun san inda iyawarsu ta tsaya. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce hudar da ke tsakiyar tafi, wadda ba ta wuce milimita 6 ba, ita ake yi wa faci, gefe kuwa ba a gyara shi. Talauci bai san wannan ƙa'ida ba, kuma za ka ga an yanko guntun tsohuwar taya an shimfiɗa a ciki an sa tub don a toshe tsagar gefe. Mai faci na ƙwarai idan ya yi haka ba ya ɓoyewa. Zai ce, "Oga, wannan ta kai ka gari ce kawai, kada ka sa ta a gaba, kada ka yi gudu da ita." Wani lokaci ma ya ture ta da ƙafa ya ce ta gama aiki, alhali ya san kuɗin facin da zai karɓa ne ya ture. Ina ganin girman mutumin da ke zaune cikin rana tun safe yana jiran ɗari biyar, ya kuma iya cewa a'a saboda mutanen da bai sani ba waɗanda za su hau motar gobe. Tayar gaba ita ke riƙe da sitiyari, idan ta tashi ana gudu da kaya, sai abin da Allah Ya yi.

Ita kanta safayar tana da nata sharuɗɗan, kuma yawancin waɗanda aka gani a tsaye a hanya suna da ita, ba ta dai yi musu amfani ba ne. Taya tana rage iska a hankali ko ba huda, don haka wadda aka manta da ita wata shida za a ciro ta a kwance. Gwani duk sanda ya tsaya shan iska sai ya ce a auna har da ita. Dole ramukan ƙarfenta su dace da motar: Golf ta haya yawanci huɗu gare ta, Sharan biyar, Hilux shida, don haka ba kowace safayar aro ce za ta shiga ba. A motocin da ake rataye ta a ƙarƙashi da sarƙa, lakar damina da tsatsa suna kama abin saukewar, shi ya sa ake sauke ta lokaci-lokaci a shafa mai ko ba a buƙace ta ba. Ita kuwa siririyar nan da ke zuwa da wasu ƙananan motoci, an rubuta a jikinta kada a wuce kilomita 80 a awa, kuma don kwalta aka yi ta. Direban haya a wannan yanki yakan musanya ta da cikakkiya tun ranar da ya sayi motar. Sai jak mai aiki, da sufanar da bakinta bai cinye ba, da guntun bututun ƙarfe da za a zura mata don noti mai taurin kai, da ɗan katako mai kauri. Katakon nan ba ya cikin abin da jami'an hanya suke tambaya, amma a ƙasa mai laka, in babu shi jak nutsewa zai yi motar tana nan inda take.

Ba kullum amsar take zama a ɗauka ba, kuma wannan ma yana cikin sanin. Mai Canter da ke da tayoyi bibbiyu a baya yana da wata dabara: idan ta gaba ta lalace zai iya ciro ɗaya daga baya ya mayar gaba ya lallaɓa zuwa gari, muddin kayan ba su yi yawa ba, kuma shi ne za ka ga yaronsa yana zagayawa da ƙarfe yana ƙwanƙwasa kowace taya yana sauraron amonta, yana zaƙulo dutsen da ya maƙale tsakanin biyun kafin ya ci gefensu. Ɗan kabu-kabu da ke kai buhu biyu a kan Boxer zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga ba shi da wurin safaya ko ya so, sai ya ɗaure sabon tub da famfo da ƙananan ƙarafuna a ƙarƙashin sirdi, ya zama mai facin kansa. Wanda zai yi jigila a cikin gari da rana tsaka, mai faci a kowace kwana, in ya ajiye ta bai yi ganganci da ran kowa ba, ko da yake doka tana son a same ta a mota. Idan kuma motoci iri ɗaya za su tashi a jere, direbobin sun san na baya ba zai wuce na gaba a tsaye ba. Amma doguwar tafiya da damina, ko tashin yamma, ko hanyar da aka ji labari a kanta cikin makon, gwani ba ya ma sauraron maganar, wani har ta biyu yake nema ya ɗaure a sama.

Ranar da taya ta fashe a hanya, a hannunsa ake gane wanda ya shirya. Ba ya taka birki da ƙarfi, yana riƙe sitiyari ya bar motar ta rage gudu da kanta, ya janye ta daga kan kwana zuwa wuri mai tauri. Ya ce, "Iya, ku sauko ku koma can inuwa," yaro ya karyo ganye ya jera a hanya gaba da baya, a sa giya, a tokare sauran tayoyin da duwatsu. Ana sassauta notina tun motar tana ƙasa, sannan a ɗaga. Safayar ana tura ta a kwance ƙarƙashin motar har sai an ciro mai hudar a musanya su, don ko jak ya zame kada motar ta sauka a kan hannun mutum. Idan an sa, ana ɗaure notina a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, domin ƙarfen ya zauna daidai, a sauke jak a ƙara matsewa. Bayan an ɗan yi tafiya ya sake tsayawa ya gwada su da sufana. Da ya shiga gari na farko mai mai faci, kafin ya nemi ruwan sha zai garo wadda ta fashe ya miƙa, ya tsaya a kai a buɗe ta a gabansa ya ga cikinta, kuma ba ya biya sai an sake juya ta a cikin ganga ya ga babu kumfa.